Malamin Makaranta Da Dogon Hutu

Da zarar watan Yuli ya kama, akan ji mutane a majalisa suna cewa malaman makaranta sun ji daɗi, wai ga su nan za su tafi dogon hutu, albashi kuma yana tafiya. To, mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda ya leƙa ofishin malamai a makonnin ƙarshe na zango na uku, zai tarar babu lokacin da malami ke shan aiki a shekara kamar wannan.

Dalili kuwa shi ne, jarrabawar wannan zango ita ce ta ƙarin aji. Malami shi zai tsara tambayoyi, shi zai tsare yara a ɗakin jarrabawa, sa'an nan ya ɗaure takardu a bayan babur ya tafi da su gida. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ɗaya ga 40 a sakandare. Amma tun daga shekarar 1976, da aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta, yara suka yi ta tururuwa zuwa makaranta, har yau kuma a makarantun gwamnati da yawa na cikin birnin Kano aji ɗaya yakan ninka wannan adadi.

Mai karatu ya yi lissafi da kansa. A ce malami yana koyar da aji huɗu, kowanne da yara 80. Takardu 320 ke nan. In ya ba kowace takarda minti biyar kacal, sai ya yi fiye da awa 26 yana riƙe da jan biro. Bayan wannan zai haɗa makin jarrabawa da na gwaje-gwajen da aka yi a cikin zango, ya fitar da na ɗaya har zuwa na ƙarshe, ya cika katin kowane yaro. Yawancin wannan aiki da dare ake yin sa, in an ɗauke wuta a kunna fitila. Malamai mata kuwa sai sun sauke tukunya sun kwantar da yara tukuna. Abin lura a nan shi ne, kuskuren lamba ɗaya daga hannun wanda barci ya ci ƙarfinsa yana iya sa yaro ya maimaita aji, wani uban kuma daga nan sai ya cire ɗansa daga makaranta ɗungum.

A cikin wannan hidima ne ake ɗan samun sararin shan iska. Wasu makarantu sukan yi hayar mota su kai yara yawon buɗe ido. Akan je Gidan Makama, wanda asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ga kayan tarihi. Akan hau Dutsen Dala a hango birni, malami yana ba da labarin Barbushe. Akan shiga gidan namun daji na Audu Bako, masu hali kuma su zarce madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974. Sai dai yara su ke kallo, malami kuwa ƙidaya yake yi, a shiga mota ya ƙidaya, a fito ya ƙidaya, don kada ɗan wani ya ɓata a hannunsa.

Ainihin shaƙatawarsa ba ta wuce ta yamma ba. Bayan la'asar ya je kallon ƙwallo, ko ya zauna wajen mai shayi da abokan aiki, ko ranar Asabar ya kai iyali ziyarar dangi. Masu burin zuwa Yankari su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki sukan tarar hutun bai dace da lokacin ba, domin da damina ciyawa ta yi tsawo, namun daji ba su cika ganuwa ba sai da rani.

Ranar da aka raba sakamako aka rufe makaranta, sai wani aikin ya buɗe. Malamin ƙauye gona ke jiransa, ga maimai, ga zuba taki. Na sakandare wasu sukan karɓi aikin duba takardun WAEC ko NECO don su sami na cefane. Wasu kuma sai su ɗauki jaka su nufi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ake yi wa malamai karatun digiri a lokacin dogon hutu, su koma ɗalibai su ma a yi musu jarrabawa. Kafin su ankara Satumba ta zo.

Saboda haka ya kamata hukumomin ilmi su ƙara ɗaukar malamai don a rage cunkoso, su kuma tabbatar albashin Yuli da na Agusta ya fita a kan kari. Iyaye kuma in sun karɓi katin yaro, su daure su taka zuwa makaranta su ce wa malam sannu da aiki. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, amin.