Babi na 7: Igiyar Kofur a Hannun Yaro

Ka tambayi wasu dattawan ikkilisiya a Jos ko Kafanchan amfanin Boys' Brigade, za su ce maka busa badujala ne ranar biki ko jana'iza. Wannan magana tana ba ni haushi. Wasu ma cewa suke an kwaikwayi 'yan Sikawut ne, alhali Brigade ta girme su da fiye da shekara 20.

A 1883 aka kafa ta a Gilasgo, ƙasar Sikotilan. William Alexander Smith malamin makarantar Lahadi ne, kuma hafsa a rundunar sojan sa-kai. Ranar Asabar manya majiya ƙarfi suna bin umarninsa a filin fareti, ranar Lahadi kuwa samarin ajinsa sun gagare shi. Ya ƙi yarda cewa laifin na yaran ne kawai. Sai ya ba su hula da ɗamara, ya koya musu fareti tare da Littafi Mai Tsarki, ya kuma riƙa ɗaga wasu cikinsu zuwa las kofur, kofur da saje. Wannan ɗagawar ce ta fi burge ni. Yaro ɗan shekara 15 a ba shi wasu yara a ƙarƙashinsa: shi zai kira suna, shi zai duba takalmi, idan ɗaya bai zo ba shi kyaftin zai tambaya. Yaron da aka damƙa wa mutane haka, da wuya ka same shi a bencin baya yana gyangyaɗi lokacin wa'azi. Ƙungiyar ta iso Nijeriya a 1908, 'yan mata kuma suna da tasu, Girls' Brigade.

Sai batun "shugabannin gobe" da ake ta maimaitawa game da matasa. Wace gobe? Ɗan mishan Rowland Bingham bai wuce shekara 21 ba lokacin da ya sauka Legas a 1893, kuma daga aikin mishan ɗinsu na SIM ɗarikar ECWA ta fito. Amma yau matashi sai shara, jera kujeru da kiɗa. Karatun nassi a gaban jama'a da ƙidayar baiko an ce sai ya yi aure.

 A makarantun sakandare dai ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka fara a Gindiri a 1957, ta daɗe tana barin ɗalibai su jagoranci addu'a, su shirya nazarin Littafi Mai Tsarki, su riƙe 'yan kuɗin ƙungiya, malami yana gefe yana sa ido. Ɗalibar da ta shugabanci zumuntar makarantarsu shekara guda takan dawo gida hutu, fasto bai ma san ta iya tsara sujada ba.