*YARA DA FIM ƊIN FROZEN 2: YADDA AKE AUNA FIM KAFIN A MIƘA WA YARO WAYA*



Yau za mu ɗan ajiye maganar zuma da habbatus sauda, mu taɓa wani abu da ya shafi barcin yaranmu da abin da ke shiga zukatansu.

Wata baiwar Allah ce ta turo tambaya. Ta ce 'yarta mai shekara 5 ta sha kallon katun ɗin nan Frozen, kashi na ɗaya, ba abin da ya same ta, har jakar makarantarta ma hoton Elsa ne a jiki. To sai yayan yarinyar ya samo kashi na biyu a waya, suka kalla bayan isha'i. Kwana uku ke nan yarinya tana farkawa tsakar dare da kuka, tana riƙe uwar tana tambaya, "Mama, ke ma za ki nutse a ruwa?" Uwar tana so ta sani: shafar aljanu ce, ko fim ɗin ne? Kuma ya dace yara su kalle shi?

'Yar uwa, Allah ya ba ta lafiya. Tambayar ba taki ke kaɗai ba ce, shi ya sa muka kawo amsar nan kowa ya amfana.

*WANE FIM NE?*

Kamfanin Disney na Amurka ne ya fitar da Frozen a 2013. An ɗauko tushensa daga wata tatsuniya ta Hans Christian Andersen, marubucin ƙasar Denmak, wadda ya wallafa a 1844 a kan sarauniyar ƙanƙara. Labarin 'yan uwa biyu ne 'ya'yan sarki, Elsa mai ikon daskarar da abubuwa, da ƙanwarta Anna. Kashi na biyu ya fito a watan Nuwamba 2019. Tsawonsa awa 1 da minti 43, da waƙoƙi wajen bakwai a ciki.

Ku lura da tazarar nan, shekara 6. Yarinyar da ta kalli na farko tana da shekara 5, lokacin da na biyu ya fito ta kai 11. Masu shirya fim sun san 'yan kallonsu sun girma, don haka suka ƙara wa labarin nauyi: mutuwa, cin amana, yaƙi, ruhohi. Sunan bai canza ba, fuskokin ma su ne dai, amma abin da ke ciki ya canza. Nan ne iyaye da yawa ke yin kuskure, su ce "ai mun san shi, na yara ne". Ba a cinikin biri a sama. Kowane kashi sai an duba shi da kansa.

Wani zai ce ai akwai tambarin PG a jikinsa. Gaskiya ne, hukumar tantance finafinai ta Amurka ta ba shi PG, ma'ana iyaye su sa ido domin wasu wurare ba lallai su dace da ƙananan yara ba. Wato su kansu sun mayar mana da aikin. Sannan abin da suke aunawa shi ne faɗa, ashar, tsiraici da abin tsoro. Babu tauhidi a ma'auninsu. Wannan namu ne, mu da za a tambaya a kan kiwon da aka ba mu, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Ga ma'auni huɗu. Sun yi wa wannan fim, za su yi wa kowane.

*1. ME YAKE KOYA WA YARO GAME DA GAIBU?*

Wannan shi ne mafi girma. A kashi na ɗaya, sihirin Elsa abu ne da take ɓoyewa tana jin tsoronsa. A na biyu, an ba shi asali, an kuma ɗaukaka shi. Akwai wani daji da hazo ya rufe, inda ruhohi huɗu ke mulki: na iska, na wuta mai siffar ɗan ƙadangare, na ruwa mai siffar doki, da na ƙasa, wasu samudawan duwatsu. In an ɓata musu rai sai su hukunta gari, in an gyara sai su huce. A ƙarshe aka nuna Elsa ce ruhi na biyar, kuma ikonta kyauta ce daga waɗannan ruhohi saboda alherin da mahaifiyarta ta yi. Mutanen dajin kuwa an tsara su ne bisa al'adun ƙabilar Sami ta arewacin Turai.

Babba ya san ƙage ne. Amma yaro ɗan ƙasa da shekara 7 bai gama rabe gaskiya da ƙage ba. Kuma a wurinmu maganar iskokin ruwa da na daji ba baƙuwa ba ce, mun san tarihin bori da yadda malamai suka yi fama da shi. Yaron da muke koya wa cewa Allah ne kaɗai ke juya iska, ya saukar da ruwa, ya raya ya kashe, sai ga shi ana nuna masa wasu masu wannan iko, da launi mai kyau da waƙa mai daɗi.

Akwai kuma abin da ya taso da labarin tun farko: wata murya ce ke kiran Elsa cikin dare, ita kaɗai ke ji. Ta yi ta dojewa, daga baya ta bi, kuma fim ɗin ya nuna bin muryar shi ne daidai. Mu kuwa iyayenmu hana mu suke yi mu amsa kiran da ba mu ga mai yinsa ba.

*2. WANE IRIN TSORO KE CIKI?*

Babu jini a fim ɗin. Tsoronsa na rabuwa ne, wanda ya fi komai taɓa ƙaramin yaro. 'Yan uwan sun tarar da tarkacen jirgin ruwan da iyayensu suka mutu a ciki, Elsa ta fito da siffarsu da ƙanƙara suna rungume da juna lokacin da ruwa ke cinye su. Daga nan tambayar 'yarki ta fito, 'yar uwa. Can gaba Elsa ta daskare ta zama gunki. Olaf, mutum-mutumin ƙanƙaran nan mai ba yara dariya, ya watse a hannun Anna cikin kogo mai duhu, aka bar ta ita kaɗai tana kuka. An kuma nuna kakansu sarki ya ɗaga takobi a kan shugaban mutanen daji ta baya, mutumin ba ya riƙe da makami.

Daga baya Elsa ta farfaɗo, ta kuma dawo da Olaf. Wannan ma yana da tasa matsalar. Ƙananan yara dama sukan ɗauka mutuwa tafiya ce da ake dawowa. Yaron da ya rasa kaka ko uba kwanan nan zai iya tambaya me ya sa nasa bai dawo ba. In gidanku an yi rashi, ku nisanta shi da wannan fim tukuna.

*3. KUNYA DA KIƊA*

Saurayin Anna, Kristoff, ya shafe fim ɗin yana neman yadda zai nemi aurenta. Akwai runguma da sumba tsakaninsu kafin aure, kuma suna tafiye-tafiye tare. Ba tsiraici, amma ba tarbiyyarmu ba ce.

Game da kiɗa, mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da duffi, wasu irin su Ibn Hazm sun sauƙaƙa. Abin da za ku sani shi ne, a irin wannan fim waƙa ce ke ɗauke da labarin, ba a iya tsallake ta a fahimci komai. In gidanku ba a sauraron kiɗa, to magana ta ƙare tun nan. Kuma waƙar ita ce ke maƙalewa. Yaron da ke ta fama da Tabbat yada sati biyu, sai ka ji ya haddace waƙar Turanci a kwana biyu saboda maimaici.

*4. LOKACI DA BARCI*

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Wannan fim shi kaɗai ya kusa ninka haka. Ta kuma ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13.

Hasken waya da daddare yana jinkirta fitowar sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki lokacin barci ya yi. Ga kuma zuciya da ta tashi saboda abin da aka gani. Yaro ya kwanta a makare, a gajiye, da hoton jirgi na nutsewa a kansa. Me ake jira ban da mugun mafarki? Hadisin Abu Barza ya nuna Manzon Allah (SAW) ba ya son hira bayan isha'i, balle kallo.

*ADALCI: AKWAI ALHERI A CIKI*

Kada mu ce duk sharri ne. Akwai ƙaunar 'yan uwantaka mai ƙarfi. Da Anna ta gano kakanta ya gina madatsar ruwa ne don ya raunana mutanen daji, ya kuma ci amanarsu, sai ta sa aka rushe ta, alhali ta san ruwan zai iya cinye garinsu. Mayar da haƙƙi ko da a kan danginka ne, wannan darasi ne da addininmu ya riga kowa koyarwa. Amma ɗan shekara 10 ne zai gane shi. Ɗan shekara 5 dokin ruwa da mutuwar Olaf kawai zai tafi da su.

*SHAWARARMU*

• Ƙasa da shekara 7: a bar shi, bai dace ba.
• Shekara 7 zuwa 10: barinsa ya fi. In har za su kalla, to da rana, kuna zaune tare, kuna tsayarwa kuna tambaya: "Wa ke da iko da iska? Wanda ya mutu yana dawowa?"
• Sama da 10: sun fi iya rabewa, amma a tattauna maganar ruhohin da ta soyayyar a fili.
• Kowane fim, uba ko uwa su fara kalla. In ba lokaci, a duba farko, tsakiya da minti 30 na ƙarshe, nan ake tara abin tsoro.

Kuma Disney ta riga ta sanar cewa kashi na uku na tafe. In ya zo, shi ma sai an sake aunawa.

*IN YARO YA RIGA YA FIRGITA*

A fara rabe abu biyu. Mugun mafarki yakan zo ne can wajen asuba, yaro ya farka sosai, ya gane ki, ya faɗi abin da ya gani. Wannan rarrashi yake so, kuma shi ne ya yi kama da na 'yarki. Firgitar barci kuwa takan zo a awannin farko na dare: yaro ya yi ta ihu ido buɗe amma bai san inda yake ba, da safe bai tuna komai. Wannan kada a jijjiga shi don ya farka, a tsare shi kada ya ji ciwo har ta wuce. Rashin isasshen barci da zazzaɓi na tayar da ita.

Abin yi:
• A kashe waya da talabijin awa 1 kafin kwanciya.
• Da rana a zauna da ita, a bar ta ta faɗi abin da ya tsorata ta. Kada a yi mata dariya ko tsawa. A gaya mata zane ne mutane suka yi da kwamfuta.
• Kada ki yi mata alkawarin ba za ki mutu ba. Ki ce, "Ga ni nan tare da ke, Allah ne ke tsare mu."
• A karanta mata Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu, a tofa, a shafe jikinta sau uku, yadda Nana A'isha ta ruwaito Manzon Allah (SAW) yana yi in zai kwanta. A haɗa da Ayatul Kursiyyu, da addu'ar neman tsarin da yake yi wa Hasan da Husaini.
• A maye gurbin wayar da labari daga bakinki: ƙissar Annabi Yunus, wanda ya shiga teku Allah ya fito da shi, ko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Mai ba da labari da baki yana kallon fuskar yaro, in ya ga tsoro ya yi yawa sai ya sassauta. Waya ba ta yin haka.

Kada a yi gaggawar cewa aljanu ne alhali ga dalili a fili. Amma in akwai zazzaɓi, jijjiga, sanƙarewar jiki, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ta daina, ko abin ya wuce sati biyu, a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba, ana ci gaba da addu'a.

Maigida, wannan aikin ba na uwargida kaɗai ba ne. Sau da yawa wayarka ce ake miƙawa don a samu shiru. Yau da daddare ka duba abin da ke cikinta.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare su daga sharrin abin da suke gani da wanda ba sa gani. Wallahu a'alam.

A tura wa sauran iyaye.