Benen Bata Mai Lamba 21

Duk wanda ya san Kano ya san Bata, can bakin kasuwar Sabon Gari, amma ba kowa ne ya san cewa sunan wani baduku ne daga garin Zlin na Jamhuriyar Cek ba. A 1894 Tomas Bata da 'yan'uwansa biyu, Antonin da Anna, suka buɗe ɗan shagon ɗinkin takalmi, lokacin mutanen garin ba su wuce kimanin 3,000 ba. Kafin Tomas ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1932, shagon ya zama masana'antar da ta haɗiye garin ɗungurungum, har da gidajen ma'aikata na jan bulo da makarantu da asibiti.

Gine-ginen masana'antar da lamba ake kiransu, kuma wanda ya fi shahara shi ne mai lamba 21, hedkwatar kamfanin. Vladimir Karfik ya zana shi, aka gina tsakanin 1936 da 1938: hawa 16, tsawo mita 77.5.

Abin kallon yana wata kusurwa. Jan Antonin Bata, ƙanin Tomas da ya gaje shi, ya sa an yi masa ofis a cikin lif, ɗaki guda mai mita shida tsawo da faɗi, da teburi da tarho da na'urar sanyaya iska, har da famfon wanke hannu. Maigida zai danna maɓalli, ofis ya tashi da shi zuwa hawan da yake son dubawa. Ma'aikaci dai bai ga ta hutu ba. Sai dai Jan ma bai mori ɗakin ba, domin ya bar ƙasar a 1939, ya ƙare rayuwarsa a Birazil.

Daga nan al'amura suka juya. Jiragen Amurka sun yi wa masana'antar ruwan bama-bamai a 1944, gwamnati ta ƙwace ta a 1945, daga baya aka sauya mata suna zuwa Svit. Shi kansa garin ya shekara 41 ana kiransa Gottwaldov. Bayan faɗuwar mulkin kwaminisanci kasuwar ta mutu, injuna suka yi tsit.

Abin a yaba wa mutanen Zlin shi ne ba su bar wa jemagu gine-ginen ba. An gyara lamba 21 a 2004, yanzu ofisoshin gwamnatin yankin ne a ciki, lif ɗin ma yana nan masu ziyara na kallo. Lamba 14 da 15 kuwa, tun 2013 suka koma gidan tarihi da zauren zane-zane da laburare, inda aka jera takalma daga sassan duniya.