Hunturu Ya Sauka Yamai, Ka Ƙidaya Dammanka?



To, ga hunturu ya sauka. In ka tsaya bisa gadar Kennedy da sassafe cikin watan Disamba, da ƙyar za ka hango Haro Banda saboda hazo. Masu shayi sun hura wuta tun asuba, ƴan gwanjo a kasuwar Katako sun baje rigunan sanyi. Wannan shi ne lokacin da bukukuwa ke bin juna a ƙasarmu. Ran 18 ga Disamba ana sallar Jamhuriya, wadda aka kafa a 1958. Daga nan sai hutun lakwal, sai Kirsimeti wajen maƙwabtanmu Kirista, sai sabuwar shekara. Ga kuma kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, har Kantu na Maraɗi ya kada kowa. In ana ta, kai ma ka sani, ba mai raba ka da akwatin rediyo.

Duk wannan abin farin ciki ne. Amma ka lura, a wannan lokaci ne kuma ake ɗaura yawancin aure a ƙauye, don an ga rumbu cike. Baƙi suna zuwa, yara sun dawo hutu, uwargida tana son turmin zane, ɗanka da ke shirin tafiya cin rani yana neman kuɗin mota. Kowa idonsa yana kan rumbu.

Kafin ka buɗe shi, zauna da uwargida ku yi lissafi, don ita ce ta san abin da tukunya ke ci, ba kai ba. Buhun hatsi mai kilo 100 yana ɗaukar tiya wajen 40. In gidanka tiya 2 ake dakawa kullum, buhu kwana 20 zai yi maka. Daga farkon Janairu zuwa ƙarshen Satumba, sa'ad da sabon hatsi ke nuna, wata 9 ne, wato kwana wajen 270. Ka ga kana bukatar buhu 14 ke nan, ban da iri, ban da zakka, ban da rabon baƙo. Abin da ya ragu bayan wannan shi ne naka na sayarwa. In bai ragu ba, to, bikin ya jira, ko a yi shi daidai ƙarfi.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Da kaka hatsi ya fi arha, domin kowa yana kai nasa kasuwa. Ɗan kasuwa ya saya ya kulle a mangaza. Cikin Yuni da Yuli, kana tsakiyar noma, rumbu ya koma kango, sai ka je ka sayi hatsin nan naka da tsada, wani lokaci ma bashi. Gwamnati takan fitar da hatsi mai rangwamen kuɗi ta hannun OPVN, amma ba ya isar kowa, kuma ba kullum yake zuwa ranar da kake so ba. Kada ka manta da azumi. Kowace shekara yana matsowa da kwana 11. A 2025 an kama shi farkon Maris, ga shi yana shigowa cikin sanyi. Shi ma yana da nasa kason a rumbun nan.

Wake kuwa ya fi hatsi wuyar ajiya, ƙwari kan mai da shi gari cikin ƴan watanni. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai riɓi uku a Nijar, wanda ake kira PICS, tare da malaman bincike na INRAN. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje. Ka shanya waken ya bushe sarai, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda dabam. Iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, ba ka sa magani ko kaɗan ba. Sai dai ka ɗora shi bisa katako nesa da ɓera, kuma ka hana yara buɗewa. Ledar da ta huje ta gama aiki.

Kai kuma da ke bakin kogi, a Gamkalle ko Saga ko Gudel, sanyin nan naka ne. Salati da shu da karoti da tumatir ba su son zafi, yanzu ne suke yin kyau, kuma a ƙarshen shekara mutanen birni suna neman su ƙwarai. Dattawa suna tune da yadda Shugaba Seyni Kunce ya tura jama'a noman rani bayan farin 1984. Gidaje da yawa da garka suka tsira a shekarar. Amma ka sa ido ga ruwa. Kogin Isa sau biyu yake cika a Yamai: jan ruwa na damina, sa'an nan ruwan da ke tasowa daga ƙasar Gine, wanda ke kai maƙura wajen Janairu zuwa Fabrairu. Wanda ya yi fangali can ƙasa kusa da gaɓa, yana iya wayar gari ya tarar da shukarsa cikin ruwa alhali ko ɗigo bai sauko daga sama ba. Yaran da suka zo hutu, ka ba su bokitin ban ruwa su taya ka safe da yamma, kafin lakwal ta koma.

Saura maganar wuta. Iskar hunturu ba ta da wasa, kara ya bushe, rumbuna suna jere kusa da juna. Ka share ciyawa kewaye da su, ka nisanta tarin harawa da murhu. Uwargida ta kashe wuta da ruwa bayan tuwon dare. Kaskon garwashi kuma kada a kwana da shi a ɗaki a rufe, ko da jariri yana rawar ɗari. Hayaƙin gawayi ba ya wari, yana kashe mutum cikin barci. A fitar da kaskon waje, a ƙara wa yaro bargo.