Omon Gida: Dabarar Rage Wa Iyaye Kuɗin Wanki

Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san darajar ƙullin omo. Ranar Asabar ba a rasa mai bin gadaje yana roƙon "ɗan cokali ɗaya". Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, omo ma bai tsira ba. A gidanmu da ke Bungudu, inda ake wanke kayan makarantar yara biyar duk mako, sai da Inna ta koma kulle ledar omo a adaka. Shi ya sa a hutun da ya wuce muka gwada haɗa namu.

Omo dai sunan samfurin kamfanin Unilever ne, amma ya zame mana sunan kowane garin wanki. Haɗa abin wanki a gida kuwa ba baƙon abu ba ne. Kakanninmu sukan ƙona karan dawa, su tace ruwan toka, su dafa shi da mai su sami sabulun salo. Kimiyyar da ake koya muku a aji, su a tsakar gida suka yi ta.

Abin da ake buƙata

Sabulun wanki na sanda, da farin garin nan da ake kira soda ash, wanda ake samu wurin masu sayar da kayan haɗa sabulu a Gusau. A littafinku na kimiyya sunansa sodiyam kabonet, kuma akwai shi a cikin kanwa. Sai magogin kuɓewa da aka daina girki da shi, da rariya, da gwangwanin madara na awo.

Yadda ake yi

Ka goge sabulun, ka baza shi a faranti ya bushe ƙayau. Lokacin hunturu ya fi sauri. Da damina sai an yi haƙuri. Ka murje shi, ka tankaɗe. Ka auna gwangwani ɗaya na garin sabulu da gwangwani ɗaya na soda ash, ka cakuɗa sosai, ka zuba a roba mai murfi. Cokali biyu sun isa bokiti guda. Ka narkar da shi a ruwa kafin ka tsoma kaya, ka jiƙa farar riga kamar rabin awa, sannan ka ɗauraye sau biyu.

Me ya sa yake aiki?

Ka taɓa lura cewa ruwan wata rijiyar ko burtsatse ba ya kumfa, sai wani farin dauɗa ya taso? Sinadaran kalsiyam da magnesiyam ne ke cinye sabulun. Soda ash na kama su ya kwantar, sai sabulu kaɗan ya yi aikin mai yawa. Nan ne ribar take.

Amma kar a ce ban faɗa ba: haɗin gida bai kai na kamfani fitar da tabon manja ko na jini ba, kuma ba ya shiri da siliki ko ulu. Yana kuma busar da hannu, don haka a shafa mai bayan wanki.

Hattara da kostik soda

Za ku ga bidiyoyi a Facebook da TikTok ana haɗa omo da kostik soda da salfonik. Wannan aikin manya ne da aka horar, masu safar hannu da tabarau. Kostik na cin fata, yana makantarwa, kuma idan an jiƙa shi ba a bambanta shi da ruwan sha. Yaron da ya kurɓa yakan ƙone maƙoshi har haɗiya ta gagara. Idan tsautsayi ya faɗa, kar a sa shi amai, kar a tsaya ɗura masa manja, a garzaya asibiti. Ko soda ash ɗin ma a rubuta suna a jikin robar, a ɗaga ta sama, don ya yi kama da gishiri. Wanda kuma zai sayar a kasuwa, sai da rajistar hukumar NAFDAC.

Yi lissafi da kanka

Kar ka yarda da maganata kawai. Rubuta abin da ka kashe, ƙirga bokiti nawa haɗin ya wanke, ka raba. Yi haka da ƙullin omon shago, ka kwatanta. Idan ku uku ko huɗu kuka haɗa kuɗi kuka sayi kilo guda, zai fi sauƙi. Mu dai a gidanmu Inna ta daina kulle adaka, kuma ƙanena ya koma makaranta da robarsa cike.

Ka nemi izinin iyaye, ka gwada da sanda ɗaya tukuna. Da sannu ake cin tuwo mai zafi.