Yaron da ke dafa gwiwa kafin ya miƙe

A ƙauyukan Karaye da Rogo, idan ƙafafun yaro suka fara mutuwa, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne shan inna, sai kuma iska ko sammu. Amma shan inna farat ɗaya take kama yaro, galibi bayan zazzaɓi, kuma tun Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayarta daga Najeriya. Akwai wata cutar dabam mai zuwa sannu a hankali. Yaro namiji ɗan shekara uku ko huɗu ya riƙa yawan faɗuwa, yana tafiya a kan yatsu, sa'anninsa na tsere masa a wajen wasa. In ya zauna a tabarma ba ya iya zabura. Sai ya kifa ciki, ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya bi cinyarsa da hannu har ya miƙe. Sha-raɓarsa kuwa ta yi ɓul-ɓul, har iyaye su ɗauka ƙarfi ne, alhali kitse da tabo ne suka maye gurbin tsoka.

Wannan ita ce cutar lalacewar tsoka ta Dushen, sunan likitan Faransa da ya bayyana ta a shekarun 1860. Tana samun kusan yaro ɗaya cikin maza 3,500 zuwa 5,000 da ake haifa. A 1987 masu bincike a Boston ta Amurka, ƙarƙashin Louis Kunkel, suka gano sinadarin da waɗannan yara suka rasa, wato distirofin, mai riƙe fatar ƙwayar tsoka kada ta yage lokacin motsi.

To, idan ta yage me ke faruwa? Sinadarin kalsiyam yana kwarara cikin ƙwayar, ya rikita sassan da ke sarrafa abinci da iskar oksijin su zama kuzari. Daga nan sai wasu ɓurɓushin oksijin masu cin rai su yi yawa, su rinjayi garkuwar da jiki ke da ita a kansu, su riƙa cin ƙwayar kamar yadda tsatsa ke cin garmar da aka bari a waje damina guda. Jiki ba ya zuba ido. Akwai ƙwayoyin ajiya a gefen kowace tsoka da ke rabuwa su yi gyara. Sai dai kowace rabuwa tana rage tsawon wata kariya da ke bakin zaren gado, ana kiranta telomiya, kuma idan gyara ya zama na kullum, ƙwayoyin sukan tsufa tun mai su yana firamare. A 2010 ɗakin binciken Helen Blau a Jami'ar Stanford ya nuna cewa ɓerayen da suka rasa distirofin ba sa jin jiki sosai sai an gajarta musu telomiya. A sannan ne cutar ke tsananta irin ta ɗan Adam.

Wannan fahimta ce ta sa aka waiwayi hasken leza mai sauƙin ƙarfi, wanda Endre Mester ya fara lura da tasirinsa a kan ɓeraye a Hungari a 1967. Gwaje-gwaje a Brazil sun nuna yana rage kumburi da wancan cin a tsokar ɓera. Abin farin ciki ne, amma fa ɓera ne. Haske ba ya mayar da distirofin, kuma babu babban gwajin da ya tabbatar yana tsawaita tafiyar yaro. Ko maganin idebenon, da aka sa wa rai don irin wannan aiki, an dakatar da babban gwajinsa a 2020 saboda bai nuna amfani ba. Don haka duk mai na'ura da ya ce wa manomi ya sayar da buhunan masararsa a haska masa ɗa ya warke, cutarsa zai yi.

Abin da ke taimakawa a yau ba shi da ƙyalli. Gwajin jini na CK yana nuna alama tun da wuri. Maganin firednisolon yana jinkirta daina tafiya, muddin likita ne ke auna shi, ba a sayo a kemis ba. Gashin ƙashi da miƙa gaɓɓai kullum suna rage ƙagewarsu, sannan a riƙa duba zuciya da numfashi, domin su ma tsoka ce ke tafiyar da su. Ƙwararrun suna Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, ko asibitin Shika da ke Zariya ga mutanen Rogo da ke bakin iyakar Kaduna.

Wani abu da ke ci mini rai shi ne ɗora wa uwa laifi. Gaskiya ne ta wajen uwa ake gadon cutar, amma ba zaɓinta ba ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku sabon canji ne da babu shi a danginta.

Jama'ar Masarautar Karaye, musamman ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi da malaman Islamiyya: in kun ga yaro yana hawa jikinsa da hannu kafin ya tsaya, ku ce wa mahaifinsa ya kai shi a yi masa gwajin CK.